Na Danne Mata Maki Saboda Ba Ta Yi Min Sallama Ba

Assalamu alaikum Anti mai shafi, da ku masu bibiya. Ina fatan kowa yana lafiya, ya iyali, ya haƙuri da zafi. Don girman Allah a ɓoye sunana da lambata. Na san halin masu sharhi a nan, domin ni ma ina cikinsu, na sha wanke mutane tas a ƙarƙashin labarinsu. Yau ga shi ta zo kaina. Roƙona ɗaya, ku karanta har ƙarshe kafin ku yanke min hukunci, duk da ni ban yi wa wata baiwar Allah wannan adalcin ba.

Ni malama ce a wata kwalejin horar da malamai a nan Kano. Shekarata biyu da fara aiki, ko tabbatar da ni ba a yi ba tukuna. A cikin gari nake, a Koki, gidanmu na gado, ni da Hajiyata. Ban yi aure ba. Dole in faɗi wani abu game da kaina, in ba haka ba ba za ku gane yadda mai hankali za ta yi abin da na yi ba. Tun ina aji biyu a sakandare nake karatun littattafan soyayya. Akwai wani shago a hanyar Jakara da ake ba da hayarsu, in an tashi daga makaranta sai na biya, in cusa biyu a cikin hijabi. Na karanta a bayan littafin lissafi, na karanta ina tankaɗe, na taɓa ƙona tukunyar wake ƙurmus saboda wani jarumi ya yi haɗari a tsakiyar littafi. Na girma, na yi digiri, amma abin bai sake ni ba. Har yau ba na iya ganin mutum ban ƙaga masa labari ba. In na shiga adaidaita na ga mace ta yi tagumi, kafin mu kai Mandawari na aurar da ita, an sake ta, an yi biko, ta koma ɗakinta. A da ina ɗaukar wannan baiwa ce. Yanzu ban san sunan da zan ba shi ba.

Bara kwalejinmu ta mayar da gwaje-gwajen tsakiyar zango kan intanet. Aka tara mu a wani ɗaki kwana biyu, wani mutum ya zo da kwamfutarsa yana koya mana abin da ya kira rubrik. Ga waɗanda ba su sani ba, wani ɗan jadawali ne da malami yake tsarawa tun kafin ɗalibi ya amsa tambaya: ga abubuwan da nake nema a amsar, ga makin kowanne. In amsa ta zo ba ka rubuta maki da ka. Akwatuna ne a gefe, cikakke, rabi, ko babu, sai ka danna wanda ya dace, na'ura ta tara. Tambayoyin zaɓi kuwa na'urar ce take gyara abinta. Sannan ba ka ganin sunan ɗalibi, lamba kawai. Mutumin ya ce an yi haka ne don a kashe son kai, kada malami ya fifita wanda ya sani. Na yi dariya a raina na ce, ni wa na sani da zan fifita? Ashe ni ba sai na san mutum ba. Ƙirƙirar sa nake yi.

Kwas ɗin da nake koyarwa na koyar da karatu ne da harshen uwa, don haka da Hausa ake amsawa. Ɗalibaina 'yan ƙarshen mako ne, sun haura ɗari biyu, yawancinsu malaman firamare ne da suka daɗe suna aiki ba takardar koyarwa, wasu sun haife ni. Ranar Asabar kawai nake ganinsu a babban ɗaki, fuskoki birjik, ban san wane ne wane ba. Gwaji biyar muka yi a zangon, kowanne da tambaya ɗaya ta rubutu mai maki shida. Rubrik ɗina layi uku ne: ya jera matakai bi da bi, ya kawo misali daga aji na gaske, ya faɗi yadda zai gane yara sun fahimta. Kowane layi maki biyu. Ni na tsara shi da hannuna, ni na karanta musu shi a darasin farko.

Gidanmu ginin ƙasa ne mai kauri, sabis ba ya shiga ɗaki. Sai a matakalar bene, mataki na bakwai, nan kaɗai yake kamawa. To nan nake zama ranar Lahadi da hantsi, kwamfuta a cinya, bayana yana ciwo, shafin makaranta yana ɗaukewa yana dawowa, ina danna akwatuna ɗari shida. Kun san mene ne karanta amsa ɗari biyu a kan tambaya ɗaya? Kamar cin tuwo ba miya ne, loma bayan loma. A cikin wannan halin na buɗe amsar mai lamba 047.

Tambayar ita ce: kana da yara tamanin a aji, littafin karatu goma, yaya za ka koyar? Shi kuwa ya fara da sallama cikakkiya. Ya ce Allah ya ƙara wa Malama haske a kan haskenta, ya saka mata da alherin abin da take shukawa a zukatanmu. Sannan ya shiga bayanin yadda idon yaro yake ƙyalli ranar da ya fara haɗa baƙi da wasali, ya ce yaro gona ce da ba a taɓa nomawa ba, malami kuma damina. Wallahi sai da na ajiye kwamfutar na dafe ƙirji. Ban ga mataki ko ɗaya ba, ban ga inda littattafai goman suka shiga ba, amma hannuna ya je ya danna cikakke, cikakke, cikakke. Na ce wa kaina ai ruhin amsar yana nan. Ruhin amsa! A wane layi na rubrik na rubuta ruhi?

Can gaba na zo kan 112. Ba sallama, ba Malama, ba komai. Ga yadda take: “1. Raba yara rukuni goma, takwas-takwas, littafi ɗaya. 2. Rubuta layin ranar a allo. 3. Ni in karanta, su maimaita, sannan rukuni-rukuni. Misali: a ajina mai saurin ganewa shi ke riƙe littafi. Dubawa: in nuna kalma a allo ba bisa jeri ba, in kira na baya.” Shi ke nan. Na ji kamar an shigo min ɗaki an tsaya a kaina ba a ce uffan ba. A gidanmu ko almakashi za ka ara sai ka tambayi kwanan mutane. A littattafan da na tashi da su kuwa, duk wadda ta shigo ba sallama, ka riga ka san ita ce muguwar. Nan take na zana ta a raina: matar wani mai kuɗi, ƙaton tabarau, ta zo kwas ne don ta kashe lokaci, tana ganin ta fi ƙarfin ta gaida ƙaramar malama irina. Ko mace ce ko namiji ban sani ba, amma na gama yi mata fuska har da turaren da take sawa. Na danna rabi a matakai, wai ba ta yi bayani ba. Rabi a misali, wai ya yi gajere. Babu a na uku, ban ma tsaya neman dalili ba. Biyu cikin shida.

Da sau ɗaya ne, da na ce gajiya ce. Sau biyar ne. Har ya zama ina tsallake lambobi in fara buɗe 047, kamar mai jiran wasiƙa. Na ba shi shekara talatin da biyu, farar shadda, makarantar ƙauye a gindin tsamiya, uwa tsohuwa da yake kula da ita. Na sa masa suna, ba zan faɗa ba. Ranar Asabar in ina koyarwa idona yana yawo a layin maza, ina cewa ko wancan ne mai hular zanna, ko wannan da ya sunkuyar da kai. Ita kuwa 112, da na ga “1.” a farkon akwati sai in ji raina ya ɓaci tun ban karanta ba. Ɗalibai jimillar maki kawai suke gani, ba sa ganin akwatin da na danna, don akwai wani wuri da ake kunnawa su gani, ni kuwa ban taɓa kunna shi ba. Aka yi jarrabawa, na miƙa sakamako, aka amince da shi, aka rufe.

Bayan mako guda ina ofishin malamai, wani abokin aikina, zan kira shi Malam Kabiru, yana ba da labarin ɗalibansa ana dariya. Ya buɗe wayarsa ya ce bari ku ji wani, ya fara karantawa da muryar masu wa'azi: Allah ya ƙara wa Malam haske a kan haskensa, ya saka masa da alherin abin da yake shukawa a zukatanmu. Kalma da kalma. Har gonar, har daminar, a kwas ɗin da ba ruwansa da karatun yara. Ya ce ai ya san mutumin, dattijo ne mai jikoki, shi ake ba wa lasifika a duk ɗaurin auren unguwarsu, kuma haka yake rubuta wa kowane malami.

“Ga zaƙi ba ƙoshi,” in ji Malam Kabiru. “Ɗaya nake ba shi, ladan sallama.”

Aka kwashe da dariya, ni ma na yi, har da tafa hannu. Na tashi na shiga banɗaki na tsaya ina kallon bango. Ba dattijon ne ya ba ni haushi ba, me ya yi min? Bai ce min shi saurayi ba ne, bai ce yana da farar shadda ba. Ni na ɗinka masa ita. A ranar, da na koma gida, na hau mataki na bakwai na buɗe amsoshin 112 guda biyar na karanta da idon mutum mai hankali. Babu wadda ba ta cika layi uku ba. Da za a ce in rubuta amsar da za a koyar da ita, ba zan fi ta ba. Na rufe kwamfutar na ce wa kaina, mai irin wannan kan ai ta ci jarrabawa ko da na rage mata, matar mai kuɗi ce ma, me zai dame ta? Kun ji fa. Ko a lokacin ban daina ba ta labarin da na ƙaga ba.

Ranar Juma'ar da ta wuce, bayan la'asar, muna tsakar gida ni da Hajiya tana gyaran zogale, muka ji sallama daga zaure. Sau uku aka yi, a hankali, sai da Hajiya ta ce a shigo mana. Wata mata ce, za ta yi shekara arba'in da 'yan kai, hijabinta ya sha wanki har ya koɗe, da jakar leda a hannu. Ta durƙusa har ƙasa ta gaida Hajiya. Ta tambayi ƙafarta, ta tambayi yayyena da ke aure ɗaya bayan ɗaya da sunayensu, ta yi mana gaisuwar wata gwaggonmu da ta rasu tun kafin azumi, ta ba da haƙurin rashin zuwa. Ashe Hajiya ta san ta, 'yar Inna mai alkaki ce ta Jakara, wadda ta yi alkakin bikin duk 'yan gidanmu. Zan kira ta Binta. Hajiya ta ce min, ke, Yayarki ce, gaishe ta da kyau. Ita kuwa ta juyo ta ce min Malama, ta ƙi zama a kan kujera, ta ce ita ɗalibata ce.

Ta ce ba ƙorafi ta kawo ba, ta ji nauyin zuwa ofis ne, shi ya sa ta biyo ta gida. Sakamako ya fito, ta samu talatin da bakwai a kwas ɗina, arba'in ake nema. Ta ce jarrabawar ƙarshe ba ta da ta cewa, da zazzaɓi ta shiga, rabi ta rubuta ta fito, ta san ba ta yi abin kirki ba. Amma ta sa rai makin gwaji zai ɗaga ta, sai ta ga shi ma ƙasa yake. So take in nuna mata inda take kuskure. Na ce mece ce lambarki? Ta ce ɗaya ɗaya biyu.

Ban san yadda zan kwatanta muku ba. Na ƙura mata ido. Ina tabarau? Ina turaren? Tafin hannunta duk farin alli ne a cikin tsaga.

Ta ciro wani littafin rubutu daga ledar ta buɗe shafin farko. Rubrik ɗina ne, ta kwafe shi da jan biro, layi uku, ta ja masa gida-gida da rula. A ƙasa ta rubuta: Malama ta ce minti goma sha biyar ne, kada a cika akwati da gaisuwa, rubrik bai san gaisuwa ba, a tafi kai tsaye. Na kalli rubutun, sai na ji muryata. Ni na faɗa. A darasin farko na faɗa, har aka yi dariya, na ji daɗin na yi maganar da ta burge. Na manta da ita tun kafin in fita daga ɗakin, ita kuwa ta ɗauke ta kamar karatun allo.

“Wallahi Malama, duk sanda zan fara sai in ji nauyi,” ta ce, “kamar na faɗo ɗakin mutum. Sai in yi miki sallamar da baki, in ce Allah ya sa ta isa, sannan in fara dannawa.”

Sau biyar wannan matar ta yi min sallama ita kaɗai a ɗakinta, sau biyar ina hukunta ta a kan ba ta yi ba.

Ta ci gaba da bayani, ni dai ina gyaɗa kai. Da yatsa ɗaya take rubutu a waya, shi ya sa take tsara amsar a ka tun kafin ta fara. Tambayar yara tamanin ba ta yi mata wuya ba, domin ajinta ke nan, abin da take yi kullum ta rubuta. Shekararta goma sha huɗu tana koyar da 'yan aji ɗaya a wata makarantar unguwa. An ce musu duk wanda bai kawo takardar koyarwa ba zuwa ƙarshen shekarar nan, za a ba wani ajinsa. Kwas ɗina kaɗai ya rage mata, kuma sau ɗaya ake yin sa a shekara. In ta maimaita, takarda sai baɗi, aji kuwa ya tafi. Ta faɗi haka ba kuka, ba ɗaga murya, tana shafa bakin littafin da yatsa. Sannan ta ɗago ta ce, a wane layi take faɗuwa?

Ga Hajiya a gefe ta daina gyaran zogale tana kallona da alfahari, 'yarta malamar manya. Ga mata durƙushe tana jiran amsa. Maki uku take nema, ni kuwa abin da na danne mata ya kusa ashirin. Me ya hana ni in ce Yaya Binta, ba ki faɗi a ko'ina ba? Bakina ya buɗe, abin da ya fito shi ne:

“Ai ba ni nake gyarawa ba, Yaya Binta. Na'ura ce. Mu ma sai dai mu ga maki ya fito.”

Ta ce Allah sarki, ta rufe littafinta. Har ta ba ni haƙuri wai ta ɗora min abin da ba nawa ba.

Da a nan maganar ta tsaya, da wataƙila na haɗiye na ci gaba da rayuwata. Amma Hajiya tana da tsohuwar gaba da na'ura, tun ranar da wata na'urar rajista ta ƙi karɓar babban yatsanta aka sa ta dawo sau uku. Ta ture farantin zogale ta ce ai ta faɗa, abin da ba ya salla ba ya salati yaya za a ba shi alƙalancin mutane? Ta ce a kai ƙararta. Yaya Binta ta ce ta ji ana iya rubuta wa shugaban sashe takarda a nemi a sake dubawa, cikin mako biyu da fitowar sakamako, amma ita ba ta iya irin wannan rubutun ba, kuma tana tsoron kada a ce ta yi rashin kunya.

“Ba ga mai alƙalami a zaune ba?” in ji Hajiya. “Wannan tun tana 'yar mitsitsiya ita ke rubuta wa ƙawayenta wasiƙa, har uwar wata ta zo nan da faɗa. Ita za ta rubuta miki, ki sa hannu kawai. Je ki kwantar da hankalinki.”

Na ce to. Me zan ce?

Ranar Litinin na je wajen jami'in jarrabawa na sashenmu, na yi kamar tambaya ce ta son sani, na ce wai in ɗalibi ya kawo ƙorafi yaya ake yi? Ya ce abu mai sauƙi, ya juyo min da kwamfutarsa. Kowane akwati da aka danna yana nan, da sunan malamin da ya danna, da rana, da lokaci. Shafin da kullum yake ɗaukewa, wanda sai na yi ta addu'a kafin ya buɗe, wanda ya taɓa cinye min aikin yini guda, ashe wannan kam bai manta ko ɗaya ba. Ya ce ana ba wani malami amsar da rubrik ɗin ya sake gyarawa, in aka ga tazara mai yawa sai a ɗebo amsoshin waɗanda suka fi kowa maki a gwada. Wa ya fi kowa maki a kwas ɗina? Talatin cikin talatin, gona da damina. Na ce to in malami da kansa ya ga ya yi kuskure fa, zai iya gyarawa? Ya ce an rufe, sai dai ya rubuto da hannunsa ya faɗi dalili. Ya kalle ni ya ce lafiya dai? Na ce lafiya lau.

Wane dalili zan rubuta? In ce gajiya? Gajiyar da take zaɓar mutum ɗaya sau biyar? In faɗi gaskiya, in tsaya gaban shugaban sashe, mutumin da ko murmushi sai da dalili yake yi, in ce ranka ya daɗe, na ƙaga saurayi ne daga lamba? Ba wanda zai yarda. Cewa za a yi dattijon ya ba ni wani abu, ko kuma a faɗi abin da ya fi wannan muni, a kan mutumin da ko fuskarsa ban sani ba. Shi ma za a zaftare masa maki, wataƙila ya faɗi, alhali laifinsa kawai ya iya gaisuwa. Ni kuma da ba a tabbatar ba, takarda ɗaya ta ishe ni. Kuma kun san cikin gari. Magana in ta fita daga kwaleji da safe, kafin azahar ta zaga lungunan Koki ta dawo zaurenmu. Hajiya da take cewa 'yarta ba ta taɓa cin haƙƙin kowa ba, da wane ido za ta fita?

Ga shi kuma ita Hajiyar ta riga ta baza labari. Shekaranjiya mun je suna a Mandawari, ina shiga na ji mata suna zancen kwamfutar da ta kayar da 'yar Inna mai alkaki. Wata ta riƙe min hannu ta ce ɗanta ma yana jami'a, don Allah in gaya mata yadda ake kauce wa sharrin na'urar. Na ce ya dage da addu'a. Ni da bakina. Da magariba liman ɗin masallacin bayan gidanmu ya ja surar masu tauye mudu, lasifika tana fuskantar tagata, na kasa gane raka'a nawa na yi.

Abin da ya fi ci min rai, na fi jin haushin kaina a kan na san daidai. Ba jahilci ba ne. An ba ni ma'auni, ni na ƙera shi, layi uku da yaro ma zai iya bi. An ɓoye min sunaye don kada zuciyata ta shiga, sai zuciyar ta zagaya ta bayan gida ta shigo da nata sunayen. A littafi, in jaruma ta yi irin wannan, akwai shafin da za ta faɗi a gaban wadda ta zalunta, a yi kuka, a rungume juna, a yafe. Na karanta irinsa ya fi ɗari, na san har kalmomin da ake faɗa. Amma ba a taɓa nuna min shafin da ke bayansa ba, wanda za ka je ofis ranar Litinin, ka dawo ka zauna da uwarka a tsakar gida ɗaya.

Jiya Yaya Binta ta sake zuwa. Ba ta tambayi takardar ba, gaisuwa ta ce ta zo yi. Ta kawo alkaki cikin kwano, in ji Inna, wai a gode wa Malama da ɗawainiya. Da za ta tafi ta tsaya a bakin zaure ta ce in ban samu lokaci ba kada in takura kaina, ta san aikina da yawa, abin da Allah ya rubuta shi zai faru. Alkakin yana nan a kan firji. Hajiya tana ci da shayi tana cewa hannun Inna bai tsufa ba. Ni ko ƙamshinsa ba na iya shaƙa.

Yau Alhamis. Litinin ake rufe karɓar ƙorafi. In na rubuta mata takardar da kyau, za a buɗe, za a ga sunana a kan kowane akwati, kuma za ta san a tsakar gidanmu na kalli idonta na yi mata ƙarya. In na rubuta ta sakaka yadda za a yi watsi da ita, ko na ja ƙafa har Litinin ta wuce, na zalunce ta sau biyu, ta rasa ajinta na shekara goma sha huɗu, kuma za ta ci gaba da durƙusawa tana gaishe ni duk inda muka haɗu. In kuma na riga takardar, na je na faɗa da bakina, ban san ko zan dawo da aiki ba, ban kuma san wa zan fara gaya wa ba, shugaban sashe, ko ita, ko Hajiya.

Sau huɗu ina ɗaukar takarda da biro in hau mataki na bakwai. Kowane karo sai in rubuta sallama mai kyau, layi uku, da addu'a, irin wadda nake so a yi min. Daga nan sai in tsaya. Na san abin da ya kamata ya biyo baya, gajere ne, irin rubutun Yaya Binta: 1. Ba na'ura ba ce, ni ce. Hannuna ya ƙi rubuta shi.

Ku zage ni in kun ga dama, na cancanta, amma bayan zagin a ba ni amsa. Hajiya tana ƙasa yanzu haka tana tambaya ko na gama takardar. Don Allah, kafin Litinin, me zan yi?